Kawu da Motar da Ba Ta da Birkin Hannu

Shekara talatin da ɗaya Kawu ya yi yana tuƙi a gidan nan. Ya ga bayan motoci shida, ya kuma ga rasuwar maigidan da ya ɗauke shi aiki. Ba ɗan'uwansu ba ne na jini. Direba aka ɗauke shi tun kansa bai san furfura ba, amma yaran gidan suka tashi suna ce masa Kawu, sunan ya bi shi, har maƙwabta suka manta yana da wani. Shi ya yi ta jigilar yaran zuwa makaranta ɗaya bayan ɗaya, shi ya koya wa uku daga cikinsu tuƙi. Yanzu duk sun watse, gidan ya rage mutum biyu: Hajiya, wadda ciwon gwiwa ya sa a gaba, da autarta, wadda ta zama likitar yara a babban asibiti. A gaban mutane Likita yake ce mata. In su biyu ne kuwa, Auta.

Gidan a kan tudu yake. Daga bakin ƙofa titi yake gangarawa, ya wuce shagon mai faci, ya je ya haɗu da babbar hanya. Duk wanda ya taɓa ajiye mota a wurin ya san birkin hannu ba abin wasa ba ne. Kawu kam hannunsa ya haddace. Kafin ya kashe mota, hannun dama ya riga ya sauka gefe, ya kama sandar, ya ja ta sama har ta yi ƙara biyar. Ba ya ma sanin ya yi.

Ranar da aka kawo sabuwar mota ba ya nan, ya kai Hajiya gaisuwa wajen ƙanwarta. Mutumin kamfanin ya yi wa Likita bayani a tsaye, ta saurara da rabin kunne saboda wayarta ba ta daina kuka ba, ya tafi. Washegari da safe ta miƙa wa Kawu makullin, wani ɗan baƙin abu mai kama da kwalin ashana.

"Kawu, ga amaryarka," in ji ta tana dariya. "Ka bi ta a hankali, ba ta saba da kai ba."

"Wadda ta fi ta taurin kai ma mun zauna lafiya," ya ce.

Tayar da ita bai ba shi wahala ba, ya taɓa ganin irinta a hannun wani direba: a taka birki, a danna maɓallin da ke kusa da sitiyari. Tafiyarta kuwa kamar ana zuba ruwa. Ya kai Likita asibiti, ya dawo, ya hau tudu, ya tsaya a ƙofar gida. Hannunsa ya sauka gefe kamar kullum, ya damƙo iska.

Ya duba. Babu sanda. Ramin ajiye kofi ne guda biyu a wurin, sai wasu ƙananan maɓallai baƙaƙe a jere bayan giya. Ya leƙa ƙasa ko na ƙafa ne, irin na wasu manyan motoci. Babu. Ya sunkuya kan maɓallan. Kowanne da ɗan farin zane a kansa, amma zanen ya ƙi tsayawa wuri ɗaya, sai ya narke ya zama ɗigon alli. Ya ja kansa baya, ya ƙanƙance ido, ya matso, ya sake ja baya. Duk ɗaya.

Ya daɗe a zaune, ƙafarsa a kan birki. Daga ƙarshe ya tura giya wurin fakin, ya ɗaga ƙafar a hankali. Motar ta ɗan zame baya kamar taki ɗaya, ta yi tsam, ta tsaya. Zuciyarsa ba ta kwanta ba. Ya fita da sauri ya zaga bayan gareji, ya samo wani guntun katako da ya rage tun gyaran rufi, ya cusa shi a bayan tayar baya, ya doke shi da dunduniya.

Maigadi, wani mai yawan zolaya da suka shekara goma tare, yana kallonsa daga kan benci.

"Kawu, motar miliyoyi ce ka mayar motar itace?"

"Kai dai tsare ƙofarka," in ji Kawu. "Sabuwa ce, ban gama yarda da ita ba."

Haka aka yi kwana tara. Katakon yana but ɗin motar, a naɗe cikin tsumma. Duk inda ya tsaya a gangare sai ya jira mutanen gidan su shige, ya waiga hagu da dama, ya fito da shi. Da safe in zai cire giya daga fakin, sai motar ta yi wata ƙara, ƙwas, kamar an karya ƙashi. Duk sanda ya ji ƙarar ya san nauyin motar gaba ɗaya a kan giya ya kwana, kuma ya san abin da hakan yake haifarwa in an daɗe ana yi.

Ranar hutunsa ya ɗauko littafin motar daga aljihun gaba ya tafi da shi gida. Bayan sun ci abincin rana ya zauna a tsakar gida inda haske ya fi yawa, ya buɗe. Ya iya karatu daidai gwargwado, da shi ya ci jarrabawar lasisi. Amma rubutun nan kamar tururuwa aka watsa a kan takarda. Ya miƙe hannunsa iya tsawonsa, bai isa ba.

Matarsa tana tsintar shinkafa a faranti, tana satar kallonsa.

"Malam, ko in riƙe maka shi daga bakin ƙofa?"

Bai yi dariya ba. Ta ajiye farantin.

"Ka gaya wa yarinyar nan mana. Likita ce fa. A hannunka ta girma."

"In ce mata me? In ce direbanku ba ya gani?"

"Ka ce mata ba ka ganin ƙaramin rubutu. Ai ba makancewa ka yi ba. Jiya daga nan ka hango ɗan maƙwabta a kan katanga, ni ban ma san da shi ba."

"Ke ba ki san aikin nan ba," ya ce a hankali. "Direba in ya ce idonsa, an gama magana. Ba wanda zai tambaye shi na kusa ne ko na nesa. Sai dai a yi masa godiya, a ce ya je ya huta. Abokin aikina na gidan alƙali, ba haka aka yi masa ba? Yanzu yana nan zaune, in mota ta wuce sai ya bi ta da ido."

"To katako ne zai raba ka da wannan?"

Ya ɗago ya dube ta. Ashe maigadi ya kai labarin har nan. Ya rufe littafin.

Ranar Talata ce ranar ganin likitan ƙashi. Kawu ya kai Hajiya asibitin da 'yarta take aiki, ya tsaya kusa da ƙofar shiga don kada tafiya ta yi mata yawa. Wurin shimfiɗe yake, babu buƙatar katako. Ya samo keken marasa lafiya, ya tura ta ciki, ya bar makullin a hannun Likita da ta fito tarbarsu. Yana ciki yana jiran layi, masu gadi suka ce a matsar da motar, Likita ta fita ta kai ta wani lungu kusa da hanyar fita, ta dawo ta ba shi makullin, ta koma wajen marasa lafiyarta.

Da aka gama duba Hajiya ya bar ta a inuwa, ya ce bari ya kawo mota. Ya tarar wata motar kaya ta tsaya a gefe tana sauke kwalaye, hanya ta matse, bayan motarsu ya ɗan tokare sauran wurin. Motoci uku sun yi layi suna jira, wani daga cikin masu su ya ɗaga murya.

"Mai wannan motar! Tun ɗazu muke nemanka!"

"Ku yi haƙuri, yanzun nan," in ji Kawu.

Ya faɗa ciki, bai tsaya ɗaura bel ba, ya bar ƙofa a buɗe don ya riƙa leƙen baya kamar yadda ya saba a wuri mai matsi. Ya tayar, ya sa giyar baya, ya taka totur. Motar ta yi gurnani, ta ɗan ɗaga gindi, ba ta motsa ba. Ya sake takawa. Ko gezau. A allon gabansa wata jar fitila tana ci, da wani rubutu a ƙarƙashinta, motar kuma tana ta ƙara, ɗin, ɗin, ɗin.

Hon ya fara tashi daga baya. Wani ya danna nasa ya ƙi ɗagawa.

Gumi ya karyo wa Kawu. Ya kai yatsa kan maɓallan nan ya fara dannawa a makance. Ya danna na farko, ba abin da ya faru. Ya danna na biyu, wata fitila ta kama. Ya lalubi wani mai ɗan baki kamar murfi, ya danna shi, amma ƙafarsa tana kan totur, motar ta ƙara ƙara kawai. Wani mutum mai jar hula ya fito daga motarsa, ya zo har bakin ƙofa.

"Baba, in ba ka iya ba ka sauka a matsar maka. Wa yake ba tsofaffi irin waɗannan motocin ne? Mara lafiya gare ni a mota!"

Shekara talatin da ɗaya ba wanda ya taɓa ce masa ya sauka daga kan sitiyari. Ya ƙara sunkuyawa kan maɓallan.

Sai ya hango farar riga tana ratsowa tsakanin motoci. Wata ma'aikaciya ce ta gane motar ta je ta kira ta. Likita ta iso tana haki, ta dubi mai jar hula, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Malam, yi haƙuri, laifina ne. Ni na ajiye ta a nan, ni na kulle ta ban gaya masa ba."

Ta zaga ta shiga kujerar gefe, ta rufe ƙofa. Ba ta dube shi ba, gabanta take kallo, ta yi magana ƙasa-ƙasa.

"Kawu, ɗaga ƙafa daga totur. Taka birki sosai."

Ya taka. Ta sa yatsa ta danna wannan maɓallin mai kama da murfi. Wani siririn kuka ya fito daga tayoyin baya, zzzt, jar fitilar ta mutu.

"Bismillah, mu je."

Motar ta ja baya lafiya lau kamar ba ita ba. Ya gyara, motoci suka wuce, mai jar hula ya ɗaga wa Likita hannu, bai kalli Kawu ba. Ta taimaka aka sa Hajiya a kujerar gaba saboda gwiwarta, ta ce ya dawo ya ɗauke ta ƙarfe huɗu.

Ba su yi nisa ba Hajiya ta fara mutsu-mutsu.

"Kai, Kawu, kujerar nan zazzaɓi take yi ne? Bayana kamar na jingina da murhu."

Ashe cikin dannen-dannensa ya kunna abin ɗumama kujera. Bai san wanne ba ne balle ya kashe. Ya ce mata zafin rana ne, ya ƙara sanyin mota, ya ji kunyar ƙaryar har cikin ƙashinsa.

Ƙarfe huɗu ya ɗauko Likita. Gaba ta zauna, abin da ba ta cika yi ba. Ta kashe ɗumin kujerar. Da suka fara hawan tudun gida, kusa da shagon mai faci, ta ce, "Kawu, ɗan tsaya a nan."

Ya gangara gefe ya tsaya, ƙafarsa a kan birki.

"Kwanakin nan yaya kake ajiye ta a ƙofar gida?"

Yana iya cewa komai, ya san ba za ta ƙaryata shi ba. Wannan ne ma ya hana shi.

"Katako nake sa mata," ya ce. "Yana but."

Ta rufe bakinta da hannu. Ya ɗauka dariya za ta yi, da ya dube ta sai ya ga idonta ya kawo ruwa.

"Kwana goma, Kawu? Me ya hana ka tambaye ni?"

"Auta, ba rashin sanin wurinsa ne kaɗai ba." Ya nuna maɓallan da haɓa. "Ba na ganin abin da aka zana a kansu. Ko wannan allon, in rubutu ya fito, sai dai in ga haske. Ya fi shekara ina haka. Tsohuwar motar ba ta tona ni ba, don hannuna ya san wurin komai. Hanya kam ina ganinta, wallahi ina ganinta. Amma in kin ga ya kamata in ajiye, ki gaya mini da bakinki, ba zan riƙe ki a zuciya ba. Ba zan so in cutar da Hajiya ba."

"Wa ya yi maganar ajiyewa?" in ji ta. "Karanta mini lambar waccan motar da ke gaban gidanmu."

Ya karanta mata tsaf, harafi da lamba.

"To ni sai da na ƙanƙance ido. Amma ba zan yanke hukunci a bakin titi ba, ni likitar yara ce. Jibi za mu je wajen likitan ido, abin da ya faɗa shi za mu bi, ni da kai. Ka yarda?"

Ya gyaɗa kai.

"Yanzu kawo yatsanka."

Ta kama yatsansa ta ɗora a kan maɓallin. Shi kaɗai ne mai baki a cikinsu, ana iya sa yatsa a ƙarƙashinsa. Ta ce ya shafa ya ji bambancinsa da sauran.

"Wannan shi ne birkin hannunka. Sandar ce aka mayar ƙarama. Ƙafarka tana kan birki? To ja shi sama."

Ya ja. Siririn kukan nan ya sake fitowa daga baya, birkin ƙafa ya ɗan nutse a ƙarƙashin tafinsa, jar fitila ta kama.

"Wani ɗan inji ne a tayoyin baya yake matse su. In ka ji kukansa ka ga jar fitila, ta kamu. Sai ka sa giya a fakin, sannan ka ɗaga ƙafa."

"Birki kafin giya," in ji Kawu. "Don kada nauyi ya kwanta a kan giyar."

"Kai ka koya mini haka, ina 'yar shekara sha takwas, har da tsawa."

Ya sa fakin, ya ɗaga ƙafa a hankali. Motar ba ta zame ko da faɗin yatsa ba. Ya saki wani dogon numfashi.

"In za ka tashi, mota a kunne, ka taka birki, ka danna shi ƙasa. In ba ka taka birki ba, ko ka danna sau ɗari ba za ta saki ba. Abin da ya same ka ɗazu ke nan. Da ka ɗaura bel ka rufe ƙofa, da kana taka totur ta saki da kanta. Ta ga ƙofa a buɗe, ba bel, ta ɗauka ba kowa a ciki."

"Ashe hankali gare ta," ya ce. "Ni na zaci taurin kai ne."

Suka yi ta maimaitawa a gangaren nan, ja, danna, ja, danna, har mai faci ya taso ya tambaya ko lafiya. Kawu ya fara jero tambayoyi irin na wanda ya san mota. In birkin ƙafa ya ƙwace ana cikin tafiya fa? Ta buɗe littafin ta duba masa: a ja maɓallin a riƙe, kada a saki, motar za ta rage gudu har ta tsaya, amma sai in ta ɓaci ake yin haka. In batir ya mutu fa? Ta sake dubawa: ba zai saku ba sai an ba ta wuta. A wuri mai shimfiɗe ma sai an ja? Ta ce a ja a ko'ina, ba ya cin komai.

"Wannan kam ban buƙaci littafi ba," in ji shi.

Jibin suka je. Likitan ido, wani mai sanƙo da sanyin murya, ya zaunar da shi a gaban na'ura, ya sa shi karanta haruffa a bango, ya ɗiga masa magani, ya haska ciki da 'yar fitila. Ya ce ganin nesa lafiya lau, ya fi na wasu samari. Na kusa kuwa shekaru ne suka ci, tabarau zai gyara. Sai ya ƙara da cewa:

"Amma idon hagu ya fara yin yana. Kaɗan ce, ba ta kai a taɓa ba tukuna. Ka riƙa zuwa duk wata shida. In lokaci ya yi za mu cire, aikin minti ashirin ne."

"Likita, tuƙi fa?" Kawu ya tambayi likitan idon.

"Da rana ka tuƙa abinka. In rana ta faɗi, fitilun motoci za su riƙa kashe maka ido. Ka bar wa wani."

Abin ya soke shi, ba zai ce bai soke shi ba. Shi da yake raba dare a hanya bai taɓa gyangyaɗi ba. Auta ta ce daga yau duk fitar da ta wuce magariba ita za ta ja, shi ya tafi gida da wuri. Ya ce to. A hanya ya yi ta juya maganar, ya ga dai rabin aiki aka karɓe, ba duka ba, kuma ba a ɓoye masa komai ba.

Bayan kwana uku tabarau ya fito, mai baƙin kewaye, da igiyar ratayawa a wuya. Bai sa shi a gidan aiki ba, yana tsoron bakin maigadi. Sai da ya koma gida da la'asar, ya zauna a kan tabarma, ya ciro shi daga kwalinsa ya ɗora a hanci. Abin da ya fara gani hannunsa ne. Ya juya shi gaba da baya, ga jijiyoyi sun taso, ga tamoji, ga wani tsohon tabo da ya manta da shi.

"Ashe haka hannuna ya tsufa," ya ce.

"Sai yau ka sani?" in ji matarsa. "To kada ka kalle ni da shi, ka bar ni yadda ka san ni."

Ta shiga ɗaki ta fito da wayarsa, ta ajiye masa a cinya.

"Ɗanka ya yi wata nawa yana turo maka saƙo. Kullum sai ya kira ni ya ce Baba ba ya amsawa, ko fushi yake da shi. Na gaji da ce masa aiki ne ya yi maka yawa."

Ya buɗe. Saƙonni ne a jere, sun fi ashirin, daga babban ɗansu da yake aiki a wani gari mai nisa. Ya koma har kan na farkonsu, ya gyara zaman tabarau, ya fara karantawa a bayyane, kalma ɗaya bayan ɗaya. Matar ta jawo kujera ta zauna kusa da shi, tana cewa ya ɗaga murya.